Wai ban da Martin Luther King, su waye suka yi fafutukar ƙuri'ar baƙar fata a Amurka?

Mai_Nazari:
Salam 'yan uwa, dan Allah tambaya gare ni. Kullum in ana maganar 'yancin baƙaƙen fatan Amurka sunan King kawai ake kira, toh shi kaɗai ya bi ƙauyukan Mississippi da Alabama gida gida? Su wa suka riƙe abin a garuruwansu?

Yayan_Kowa:
Wslm ƙanina. Ai 'yan gari ne suka fi shan wuya, don baƙo in ya gama jawabi tafiya yake, su kuwa nan za su kwana da masu gona da 'yan sanda. Ka nemi labarin Fannie Lou Hamer ta Ruleville, matar nan aikin gonar auduga take, a 1962 ta je Indianola yin rajistar zaɓe, dawowarta ke da wuya mai gonar ya ce ko ta janye sunanta ko ta bar masa gona, bayan shekara 18 tana masa aiki fa. Ta bar gonar. 1963 kuma aka kulle ta a Winona aka mata dukan da har ta rasu bata warke ba, amma duk da haka 1964 ta tsaya a taron jam'iyyar Democrat a Atlantic City ta faɗi komai a talabijin. Wlh duk sanda na karanta sai jikina ya yi sanyi.

Anti_Malama:
Gaskiya ne Yaya, amma kar a rage wa King, shi ma an jefa wa gidansa bam a Montgomery a 1956. Sai dai ƙauracewa hawa bas da baƙaƙen fatan Montgomery suka yi saboda wariya ba shi ya fara shirya ta ba, E.D. Nixon ma'aikacin jirgin ƙasa ne ya yi belin Rosa Parks, wadda aka kama don ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a bas, Jo Ann Robinson kuma ta kwana tana buga takardun kiran mutane. A Selma ma Amelia Boynton ta daɗe tana fama da rajista kafin manya su iso.

Mai_Nazari:
Allah sarki. Toh da aka sa hannu a dokar zaɓe ta 1965 sun samu sauƙi?

Yayan_Kowa:
Rajista kam ta ƙaru sosai, a Mississippi daga ƙasa da kashi 7 cikin 100 zuwa kusan 60 a 'yan shekaru. Amma kisa bai tsaya ba. Vernon Dahmer na Hattiesburg ya sanar a rediyo cewa mutane su zo shagonsa su biya harajin zaɓe, wanda sai an biya shi kafin a jefa ƙuri'a, Janairun 1966 'yan Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙin baƙaƙe, suka cinna wa gidansa wuta da dare, ya tsaya yana harbi har iyalinsa suka fita, shi kuma ƙunar ta yi ajalinsa. Sai 1998 aka ɗaure wanda ya bada umarnin.