Tebura uku masu shiga cikin juna da haɗin dobtel, ina zan yanka wutsiya?

sabon_kafinta:
Salam masu sana'a. Ina so in haɗa ƙananan teburan nan guda uku da ƙarami ke shigewa ƙarƙashin babba, ba kusa ba sukuru, katako uku kawai kowanne, sama da gefe biyu, in haɗa kusurwa da dobtel wato wutsiyar kurciya. Kaurin katakon santimita 2 ne, babban teburin faɗi 50 tsayi 50. Wutsiyar a katakon sama zan yanka ta ko a na gefe, sannan tazarar nawa zan bari tsakaninsu kar su riƙa gogar juna?

tsohon_zarto:
Wa alaikumussalam ɗan uwa. Fara da lissafi kafin ka taɓa zarto. Babba 50 ne, cire kaurin gefe biyu saura 46 a ciki, bar santimita 1 kowane ɓangare, na tsakiya ya zama 44, ƙaramin 38. Tsayi kuma 50, 47, 44. Kar ka ce tazarar ta yi yawa, katako ba ƙarfe ba ne, gefen zai iya ɗan lanƙwasowa ciki in danshi ya canza kuma ba kowane daɓe ne a miƙe ba, wanda ya bar milimita 2 don gayu shi ke kokawa da tebur a gaban baƙi.

Wutsiya kuma a katakon gefe nake yanka ta. Dobtel ta hanya ɗaya yake kullewa, yana hana a zare katakon da ke da wutsiyar ta tsawonsa, su kuwa teburan nan kullum ta sama ake ɗaga su, to ka ga nauyin ƙafafun a kan kullin yake rataye ba a kan gam ba.

mai_cizal:
Oga da girmanka amma a nan ban bi ka ba. Ƙafar teburin nan nauyinta nawa ne? Gam kaɗai ya riƙe ta. Abin da ke kashe irin wannan tebur yaro ya hau ya zauna ko a ja shi a kan kafet ƙafafun su buɗe waje, in wutsiyar tana katakon sama ita ke hana gefen ficewa. Kuma in ka leƙo daga sama fasalin wutsiyar kake gani sarai, ai don shi ake wahalar tun farko.

tsohon_zarto:
Malam mai_cizal maganarka tana kan hanya, sai dai girgizar gefe ba dobtel ke maganinta ba ko ta ina ka juya shi. Sai sabon_kafinta ya sa siririn katako mai faɗin santimita 6 zuwa 8 a baya ƙarƙashin saman, gaba kuma a bar shi buɗe don nan ƙanin zai shiga.

gwanar_katako:
Duk wanda ka zaɓa cikin biyun zai yi, yankan ne abin ji. In katako mai tauri ne irin mahogani karkatar gefen wutsiyar ta zama 1 cikin 8, wato kaucewa 1 a kowane tsayi 8, mai laushi irin fayin 1 cikin 6, in ka karkata da yawa kunnen wutsiyar ke ɓallewa. Yanka wutsiya tukuna, ka ɗora ta a kan bakin ɗaya katakon ka zana haƙoran da za su shiga tsakanin wutsiyoyin da bakin wuƙa ba fensir ba, layin fensir kaɗai ya isa ya bar maka kafar da za ka hango haske ta ciki. Zarto ya bi ta ɓangaren da za a zubar, cizal kuma ka ci rabi daga wannan fuska ka juya ka ƙarasa, in ka huda gaba ɗaya bayan zai tsage. Kuma don Allah jijiyar katakon ta bi ta sama ta gangaro ƙafa, kar ka gicciye ta, ta haka duka ukun za su kumbura su motse tare.

sabon_kafinta:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Zan sa wutsiyar a sama da katakon bayan da Oga ya ce. In gwada haɗawa ba gam tukuna ko hakan na sa ya yi sako-sako?

gwanar_katako:
Gwada sau ɗaya, iya rabi, da hannu ko ɗan bugu kaɗan. Inda ya matse za ka ga wurin ya yi sheƙi, nan kaɗai za ka kankare. Kuma da ƙaramin teburin za ka fara, shi ke ɓuya a ciki.