Neman shawara: an ba ni ƙawata gilasan shagon abaya a Tahliya, ina son in sa tatsuniyarmu

Ummu Rayyan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin zane da ƙawata wurin biki a nan Jidda. Wani shagon abayoyi da jakunkuna masu tsada a titin Tahliya ya ba ni gilasansa uku na gaba in shirya kafin Ramadan. Mai shagon ta ce tatsuniya take so, wadda za ta tsayar da mai wucewa, kuma hotunan da ta nuna mini duk na gimbiyoyin Turawa ne. Ni kuwa raina yana kan tatsuniyar 'yar bora da kakata take mana. Tsorona biyu: kada Larabawa su kasa ganewa, kuma ba na son in sassaƙa abu mai rai. Don Allah ku ba ni shawara.

Hajiya Babba (Makka):
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya sa albarka. Kada ki ji kunyar namu. Wulaƙantacciyar yarinya da haƙurinta ya kai ta ga arziki, wace al'umma ce ba ta san wannan ba? Kuma labarin da kansa ya rabu uku. Gilas na farko, kogin da aka tura ta wanki. Na biyu, ƙwai manya da ƙanana, ta ɗauki ƙaramin da bai yi mata surutu ba. Na uku, ta fasa ƙwan, dukiya ta fito. To dukiyar nan ita ce kayan shagon! Ki sa abayar da ta fi kowace tsada tana fitowa daga fasasshen ƙwai mai ruwan zinare. Mai shago za ta ji daɗi, don a ƙarshe kayanta take son a gani.

Malam na Sabil:
'Yar uwa, kin kyauta da kika yi tunanin surar mai rai. Malamai ba su hana siffanta bishiya da ruwa da gini ba, kuma gumakan rataya kaya marasa kai sun cika shagunan garin nan. Yarinyar ma ba sai an gan ta ba. Ki ajiye ƙwaryarta da takalmanta a bakin kogi, mai kallo zai cike sauran da kansa.

Anti Maijidda, tela:
Ni batun rana zan yi miki, don na san Jidda. Idan gilasan suna kallon yamma, siliki da shuni ba sa jure zafin la'asar, launi zai koɗe kafin Sallah. Ki tambaya ko an manna wa gilasan takardar da ke tare hasken rana. Fitila kuma LED kawai, sauran suna ɗumama wurin. Ki guji gam ɗin bindiga, irin wanda ake narkarwa da zafi, yana saki idan zafi ya yi yawa. Ki ɗinke ko ki ɗaure da zaren kamun kifi. Kogin kuwa ki yi shi da baƙin rinin Kano, irin na marinar Ƙofar Mata wanda aka buga har yana ƙyalli. A ƙarƙashin fitila sai ki rantse ruwa ne. Masu kawo kaya daga gida lokacin Umara za su iya zuwa miki da shi. Sannan ki tuna, a Ramadan kasuwa ba ta ci sai bayan tarawihi, saboda haka da dare za ki gwada komai, ki tsallaka titi ki duba daga can. Abin da ba a gani daga cikin mota, ki cire shi.

Abu Faisal:
Ƙanwata, ki ƙarfafa zuciyarki. Leïla Menchari 'yar Tunisiya ce, ita ta riƙa shirya gilasan Hermès, shahararren shagon kayan ƙawa na Paris, daga 1978 har 2013, kuma launukan ƙasarsu da sana'ar hannunta suna cikin abin da ya fitar da sunanta. Nan ma tun da aka kafa Hukumar Kayan Sawa ta Saudiyya a 2020, aka fara Makon Kayan Sawa na Riyad a 2023, shaguna suna neman abin da ba na kowa ba. Amma kada ki taɓa almakashi sai an rubuta yarjejeniya: nawa ne kuɗin, wa zai sayi kayan aiki, wa ke da zanen bayan an sauke, kuma za a sa sunanki a gilas ko a'a. Ki karɓi rabi tun farko. Idan iƙama, wato takardar izinin zama, gare ki, ki tabbata aikin ya bi ta hannun wanda kike ƙarƙashinsa, don doka ba ta yarda baƙo ya yi wa wani aiki a gefe ba.

Ummu Rayyan:
Allah ya saka da alheri, wallahi kun buɗe mini ido. Takarduna lafiya lau, Yaya. Zan rubuta layi ɗaya na labarin da Larabci a ƙasan kowane gilas, na farko kuma in fara da "Ga ta nan, ga ta nan ku" da ajami. Gobe zan kai wa mai shagon zanen. Anti, turmi nawa kike ganin zai isa kogi mai tsawon mita uku, in ana son ya yi ninki kamar igiyar ruwa?