Yadda za a bambance sayayya da cire kuɗi a POS cikin Google Sheets

Salamu alaikum. Duk wata ina sauke bayanan asusuna daga manhajar banki a CSV (fayil mai jeren bayanai layi-layi), in zuba a Google Sheets, manhajar teburin lissafi. Da umarnin Sheets guda biyu, SEARCH (mai neman kalma) da IFERROR (mai tare kuskure), na haɗa ƙa'ida: layin da ke da PETROL ya tafi "mai", PHARM ya tafi "magani". Wannan lafiya lau.

POS ne ya gagare ni. Mai shago da mai POS na bakin titi duk da sunan mutum suke fitowa, wani ma a datse. Na gwada ɗaukar duk adadin da ya ƙare da 100 ko 200 a matsayin cire kuɗi saboda cajin da mai POS ke ɗorawa, sai cefanen ₦5,200 ya faɗa ciki.

Da wace alama a bayanan zan raba su kai tsaye?