Fizik ɓata lokaci ne ga ɗalibin likitanci?

Lawali: Ni dai ina nan kan bakana. Koya wa ɗalibin likitanci fizik a shekarar farko ɓata lokaci ne. A bar shi ya haddace sassan jiki, su zai tarar a asibiti.

Malam Isa: Lawali, in zawo ya tsotse wa mutum ruwan jiki, me ya sa ake neman allura mai kauri a yi masa ƙarin ruwa? Poiseuille, wani likita ɗan Faransa, ya auna abin wajen 1840. In faɗin bututu ya ragu da rabi, abin da ke wucewa ba rabi yake komawa ba, kashi 1 cikin 16 ne. Masu ban ruwa da tiyo a Jiratawa, kusa da Maraɗi, sun san haka a hannunsu. Shi ya sa ƙananan jijiyoyin jini na ɗan matsewa sai jini ya hau.

Lawali: Allah gafarta Malam, wannan ai zancen minti biyar ne. Mu wata da watanni muka yi muna lissafin dutsen da aka jefa sama.

Hajiya Rabi: Ɗana, zo ɗakin haihuwa lokacin hunturu ka gani. Bakwaini yana hucewa nan da nan, don fatarsa ta yi yawa in an gwada da ɗan nauyinsa, ga shi ba kitse. Sai mu ɗaure shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, mu sa masa hula. Wanda ya gane dalili ba ya barin yaro tsirara kan sikeli.

Malam Isa: Batun dutsen ka yi gaskiya, misalan ne ba su dace ba. Amma lissafin ba ya tsallakuwa.

Nana: Malam, abin da ke damunmu ke nan. A wani aji an koya mana batir, a wani an ce tsakanin cikin ƙwayar jijiyar ƙwaƙwalwa da wajenta akwai bambancin ƙarfin lantarki na milivolt kamar 70. Ba wanda ya haɗa mana su. Kowanne muka haddace shi daban.

Lawali: To wa zai haɗa? Malamin fizik bai karanci jiki ba, likita kuwa ga layin marasa lafiya na jiransa.

Malam Isa: Su zauna tare su tsara darasin tun kafin a buɗe makaranta. Ni a shirye nake.

Lawali: Sai na ga likitan da ya amsa, Malam.