Neman shawara: in zuba jarina a kamfanin gahawa na ɗan yayata?

Mai tambaya, daga Garwa:

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Ɗan yayata, wanda ya yi karatun aikin gona a jami'ar Dschang, ya kafa ƙaramin kamfani shi da abokansa biyu shekara biyu da suka wuce. Suna sayen gahawar arabika daga manoman tsaunukan yamma, wajajen Fumban da Bafusam, su soya, su ƙunsa a leda mai tambari, su kai wa otel-otel da manyan kantuna a Yawunde da Duwala. Ya ce tasu ba irin ta gwangwani ba ce da mai shayi yake ɗiba da cokali, domin sai ƙwararrun masu ɗanɗano sun ba gahawa maki 80 cikin 100 kafin a sa ta a sahun ta musamman. Yanzu yana so in ba su sefa miliyan shida su sayi babban injin suya, a ba ni kashi ɗaya cikin biyar na kamfanin, kuma babbar hujjarsa ita ce farashin gahawa ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Ya kawo mini leda guda, da na buɗe ƙamshi ya cika zaure, amma da uwargida ta dafa sai ta ce tana jin tsami-tsami. Wannan kuɗi shi ne jarin da nake juyawa a fataucin albasa. Me kuka gani?

Amsa daga tsohon ma'aikacin banki, Marwa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaron bai yi maka ƙarya ba game da farashi, domin a watan Fabrairun 2025 laba ɗaya ta arabika, wadda ba ta kai rabin kilo ba, ta haura dala huɗu a kasuwar Niyu Yok, abin da ba a taɓa gani ba, saboda fari ya taɓa gonakin Birazil da na Biyetnam, ƙasashe biyu da suka fi kowa noman gahawa. Sai dai hujjar da ya kawo maka ita ce ya kamata ta fi sa ka yin hattara. Wanda tashin farashi yake yi wa daɗi shi ne manomi da mai ajiya a sito, shi kuwa mai suya saye yake yi da tsada, kuma ba zai iya ɗora wa otel ƙarin gaba ɗaya ba tare da ya rasa ciniki ba. Ka ƙara da cewa ɗanyar ƙwayar gahawa tana rage nauyi a wuta da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, wato buhu mai kilo 60 yakan dawo kilo 48 zuwa 51. Girbi kuma sau ɗaya ne a shekara, saboda haka dole su kashe kuɗi mai yawa lokaci guda su ajiye kayan da za su yi watanni suna sayarwa. Ni a ganina abin da suka fi buƙata kuɗin sayen ƙwaya ne, kuma idan miliyan shidan nan suka tafi a ƙarfe, kaka na zuwa za su sake ƙwanƙwasa ƙofarka.

Ka nemi takardun asusun bankinsu na shekara biyun, kada ka tsaya a kan littafin da suka rubuta da hannunsu. Kamfanin Luckin Coffee na Sin, da duk girmansa, a shekarar 2020 aka gano an ƙirƙiri cinikin da ya kai kusan dala miliyan 300 a littattafansa, aka cire shi daga kasuwar hannun jari ta Nasdaq. Ba ina zargin ɗanka ba ne, amma ciniki a baki daban, kuɗin da ya shiga asusu daban.

Amsa daga wata Hajiya mai kanti, Ngaundere:

Yaya Alhaji, maganar uwargidanka ita ce ta fi tsaya mini a rai. Tsamin nan da ta ji shi ne masu son irin wannan gahawa suke biyan kuɗi a kansa, amma mutanenmu shayi suka saba da shi, wanda kuma yake shan gahawa yana son ta da sukari da madara, ko da citta da kanumfari kamar yadda ake yi a Cadi. Na taɓa ajiye irin wannan leda goma a kantina, wata uku suka yi na sayar da huɗu, sauran kuma ƙamshinsu ya gudu. Ka tambaye shi masu saye nawa ne suke dawowa kowane wata, kuma kwana nawa otel yake yi kafin ya biya, domin bashin manyan gidaje shi ke karya ƙaramin ɗan kasuwa.

Amsa daga wani mai aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa, Duwala:

Baba, ni ban ga abin a baƙi ƙirin ba. Ƙasarmu ta daɗe tana fitar da ɗanyar gahawa wasu su soya su ci ribar, kuma ƙungiyar manoma ta UCCAO da ke Bafusam, wadda aka kafa tun 1958, ta nuna ana iya soyawa a gida a sayar. Inda nake jin tsoro shi ne samun ƙwayar kanta. Noman gahawa a Kamaru ya ja baya ƙwarai tun daga shekarun 1990, itatuwa da yawa sun tsufa, manoma sun koma tumatir da kayan lambu masu kawo kuɗi da wuri, sabon dashe kuwa sai ya shekara uku zuwa huɗu kafin ya yi 'ya'ya, ga rikicin yankin Arewa maso Yamma tun 2016 ya taɓa gonakin wajajen Bamenda. Idan kuma suna da burin kaiwa Turai, dokar Tarayyar Turai ta 2023 ta tanadi a nuna taswirar kowace gona, a tabbatar ba a sare daji aka yi ta ba bayan ƙarshen 2020. An ɗage lokacin fara aiki da ita, amma masu saye sun riga sun fara tambaya. Idan yaran suna da yarjejeniya a rubuce da manomansu, sun san gonar kowa, to suna riƙe da abin da ya fi injin daraja.

Amsa daga wani Malam, Njamena:

Alhaji, a fayyace tun yanzu ko tarayya ce ko bashi. Idan tarayya ce, riba da hasara duka da kai, kuma bai halatta a yanka maka tabbataccen adadi kowane wata ba. A rubuta komai, a sa sunanka cikin takardun kamfani da rajistar kasuwanci bisa dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Kamaru da Cadi duka suke bi. Ka kuma sani cewa a ƙaramin kamfani irin SARL, wato kamfanin tarayya mai iyakantaccen alhaki, ba ka sayar wa bare kasonka sai da yardar sauran abokan tarayya, don haka a rubuta yadda za ka fita idan ka so fita. Yayarka ma ta kasance a wurin ranar da za a sa hannu.

Mai tambaya ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira yaron daren jiya na nemi takardun banki da sunayen masu saye, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce otel biyu suna riƙe musu kuɗi tun wata huɗu. Na gaya masa maganar inji a ajiye ta tukuna. Bayan na kwashe albasar bana zan hau jirgin ƙasa daga Ngaundere in je in ga wurin suyar da sitonsu da idona, idan hankalina ya kwanta in fara da miliyan biyu na sayen ƙwaya a kaka mai zuwa.