Ping ɗin gidanmu yana kai 400 bayan isha'i, ina mafita?

Mai tambaya, daga wajen Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna da rauta (na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi) mai layin waya a gida, ta 4G, duk 'yan gidan a kanta muke. YouTube yana yi lafiya lau, amma in na kira yayana da ke Saudiyya ta WhatsApp, sai in gama magana ya yi shiru, can kuma mu ɗauko magana tare. Speedtest, manhajar gwada gudun intanet, yana nuna 6 Mbps, ping kuwa har 400 ms bayan isha'i. Na ƙara sayen data, ba abin da ya canza.

Mai gyaran waya, Hadeja:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, daina ƙona kuɗinka a data, matsalarka ba ta yawa ba ce. Ping shi ne lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, ana auna shi da ms, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. YouTube yana tara bidiyo tun kafin ka iso wurin, shi ya sa ba ka jin komai. Kira kuwa babu tarawa, da zarar ping ya haura 300 ms sai ku riƙa hawa maganar juna. A 4G mai lafiya ya kamata ka ga ƙasa da 100.

Fara gano inda jinkirin yake. Sauke manhajar ping, ka gwada adireshin rautar, yana rubuce a ƙasanta, galibi 192.168.8.1 ko 192.168.0.1. In ya wuce 10 ms, laifin Wi-Fi ɗin cikin gida ne. Sannan ka gwada 8.8.8.8, adireshin wata na'urar Google a intanet, sau biyu, da asuba da bayan isha'i. In asuba tana da kyau, dare ne ke lalacewa, to ko sandar sabis ta cika da jama'a, ko 'yan gidanku ne suka cika layin.

Malamar firamare, Gumel:
Ni ina zargin na biyun. Wayoyi da yawa suna tura hotuna da ajiyar WhatsApp zuwa Google da zarar sun hau Wi-Fi, ga masu ɗora bidiyo a status. Hanyar turawa ƙarama ce, in ta cika sai muryarka ta bi layi kamar masu jarka a bakin famfo. Ka ce kowa ya sauka minti biyar, ka sake gwadawa.

Mai shagon caji, Babura:
Kuma ina ka ajiye rautar? Rufin kwano da katangar ƙasa suna cin sabis. Ɗaga ta sama, bakin tagar da ke fuskantar sandar, amma ba cikin rana ba, zafin bazara yana sa ta kasala. A saitinta ka zaɓi 4G kaɗai, don kada ta riƙa zamewa 3G.

Wani ɗan zaure:
Sayi Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, ka huta kawai.

Mai shagon caji:
Da wace wutar, ranka ya daɗe? Sai ka haɗa masa da sola.

Mai tambaya:
Na gwada. Rauta 3 ms. Da asuba 70. Bayan isha'i da kowa ya sauka 160, da suka hau ya koma 400. Malama, kin canka.

Mai gyaran waya:
To ka samu rabi. Duba saitin rautar ko tana da QoS, wato saitin ba kira fifiko, ko wurin taƙaita gudun kowace waya, ka rage musu turawa. Tashin da ya yi daga 70 zuwa 160 na sanda ne, ba a hannunka yake ba. Ari layin wani kamfanin ka gwada da dare kafin ka saya, in ba a kulle rautar kan layin kamfani ɗaya ba. Yaya kuma ka riƙa kiransa da hantsi.