Me ya sa Archie Norman bai yi nisa a majalisar Birtaniya ba?

Ɗalibin Siyasa:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske game da Archie Norman, wanda ya karɓi ragamar kamfanin manyan kantuna na Asda a 1991, lokacin da bashi ya yi wa kamfanin katutu, ya farfaɗo da shi har Walmart na Amurka ya saye shi a 1999. Ya shiga majalisar dokoki a 1997 yana wakiltar mazaɓar Tunbridge Wells a ƙarƙashin jam'iyyar masu ra'ayin mazan jiya, amma bai taɓa zama minista ba, kuma ya bar kujerar a 2005. Shin ƙwarewar kasuwanci ba ta da amfani a siyasa ne?

Mai Bibiyar Zaɓe:
Wa alaikumus salam. Malam, ka fara duba shekarar da ya shigo. A zaɓen 1997 jam'iyyarsa ta sha mummunan kaye a hannun Tony Blair, ta tsira da kujeru 165 kacal, don haka duk shekarunsa takwas a ɓangaren adawa ya yi su, inda babu ma'aikatar da za a damƙa wa kowa. William Hague, shugaban jam'iyyar a lokacin, ya ba shi aikin gyara tsarin jam'iyyar, daga baya ya zama mai magana da yawun adawa kan muhalli da sufuri.

Tsohon Akawu:
Lokaci ya taka rawa, amma ban yarda shi kaɗai ne dalili ba. Shugaban kamfani yana ba da umarni a bi, wanda ya ƙi a sallame shi, alhali ɗan majalisa sai ya lallashi abokan aikin da jama'a suka zaɓa kamar yadda suka zaɓe shi, ga kuma masu aikin sa kai na mazaɓa da ba albashi yake biyan su ba. Michael Heseltine ma ɗan kasuwa ne, shi ya gina kamfanin buga mujallu na Haymarket, amma ya shiga majalisa tun 1966 yana matashi, ya koyi zaman cikinta a hankali har ya zama mataimakin firaminista a 1995. Norman kuwa ya zo ne sunansa ya riga ya girma, aka ɗora masa tsammanin da sabon shiga ba zai iya cikawa ba.

Mai Bibiyar Zaɓe:
Wannan gaskiya ne, kuma kasuwa ba ta manta da shi ba, domin ya shugabanci hukumar gudanarwar gidan talabijin na ITV daga 2010, sannan ta kamfanin kantuna na Marks & Spencer daga 2017.